Bagaruwa a Ƙafar Yaya

Ƙaramar ƙusa ce ta soki yayata a tafin ƙafar hagu, ba ta ma ji ba sai da ta ga jini a silifa. Haka ciwon suga yake yi wa mutum, ya kashe masa jin ƙafa. Ciwon da bai kai ƙwayar wake ba shi ne ya ƙi warkewa. Aka sha ƙwaya kala-kala, fara da ja da mai ruwan ɗorawa, ciwon kuwa sai faɗi yake ƙarawa kamar ana zuba masa taki.

Gara in faɗa tun yanzu, na daɗe ina kishin Yaya. Uwa ɗaya uba ɗaya muke, amma ita Allah ya ba ta 'ya'ya maza biyu masu karatu, ni kuwa ban da keken ɗinkina ba ni da abin nunawa. Babba yana aiki a jami'a, a ɗakin gwaji, yana binciken ƙwayoyin cuta, kuma a gidansa take zaune. Auta likita ne a wani babban asibiti a gari mai nisa. In baƙi suka zo, Yaya sai ta gyara zama ta ce, "Autana likita ne." In aka ce babban fa, sai ta ce, "Shi ma yana nan, ganye yake dafawa a jami'a." A kwashe da dariya. Babba yakan buɗe haƙora shi ma, amma na sha ganin yadda jijiyar wuyansa ke tashi. Shi ke sayo mata magani, shi ke gyara mata fanka, shi ke bin layin asibiti da ita. Auta kuwa ya leƙo sau ɗaya da ledar lemo, a yi wata ana ba da labari.

Ranar da sakamakon gwajin ciwon ya fito Auta ya zo. Muna falo, Yaya ta ɗora ƙafar a kan kujerar roba, ya karanta takardar yana kaɗa kai.

"Umma, ƙwayar cutar nan ta gagari duk magungunan da kika sha. Allura ɗaya ce ta rage da take jin tsoro. Zan sayo, nas za ta riƙa zuwa kullum da safe. In ba a ga sauƙi ba a kwantar da ke."

Babba ya miƙa hannu ya karɓi takardar. "Na san wannan ƙwayar. A ɗakin gwajinmu muke rainon irinta. Shekaru nake tatso sinadari daga 'ya'yan bagaruwa, kuma yana kashe irin waɗannan da suka gagari magani. Da za mu..."

"Bagaruwar majema?" na ce. "Wadda ake jeme fatar akuya da ita?"

Auta ya fashe da dariya har yana dukan cinya. "Yaya Babba, don Allah ka bari mu yi aikin asibiti tukuna. In ta warke sai ka haɗa mata shayinka ta sha."

Yaya ma ta yi dariya. Ni ma na yi, ba zan ɓoye ba. Babba ya ninke takardar a hankali ya ajiye a kan tebur. Auta ya jera kwalaben allurar a firji, ya yi sallama, ya kama hanya.

Da la'asar nake zuwa, bayan na rufe shago. Wata rana na iske Babba a bakin ƙofa yana jirana, fuskarsa a sake kamar wanda aka yi wa albishir. Ya ciro waya ya nuna mini hoton wani farantin gilashi da ya yi hazo-hazo, an jera ƙananan takardu masu zagaye a kai.

"Inna, kin ga wannan hazon? Ƙwayoyin da na ɗebo daga ƙafar Umma ne, na raine su. Waɗannan takardun maganin da ta sha ne, kin ga ƙwayoyin har kansu suka hau. Wannan kuma nawa ne. Dubi yadda ya share fili kewaye da shi."

Gaskiya ne, akwai zobe fes kewaye da takardar, babu ɗigon hazo. Na nuna wata takarda a gefe, ita ma da nata zoben. "Wannan fa?"

"Allurar Auta ce." Ya ja hoton da yatsu biyu ya ƙara masa girma. "Amma ki duba da kyau. Nawa ya fi faɗi."

Daga nan ɗakin Yaya ya soma warin bagaruwa. Bandejin ya rine ya koma ruwan ƙasa. Na tambaya, Babba ya ce wankin ciwon kawai yake yi da ruwanta, allura kuwa nas na zuwa da safe kafin in iso. Ban musa ba, don idona ya ga abin da ya gani: ciwon ya daina ruwa, samansa ya bushe ya yi baƙi ya yi tauri. Kullum Babba zai durƙusa da kwano, ya wanke, ya shafa, ya ɗora rula a gefen ciwon ya ɗauki hoto ya aika wa ƙaninsa. Auta ya kira, a sa murya a fili.

"Kin gani ko, Umma? Allurar tana aiki."

"Allah ya yi maka albarka, Likita," in ji Yaya. "Allah ya ƙara basira."

Babba yana durƙushe a gabanta, hannunsa duk ya rine, ƙafarta na kan cinyarsa. Bai ɗago ba. Ya dai ja bandejin ya ɗaure da ƙarfin da ya sa Yaya ta ce, "Kai, a hankali mana."

Sai zazzaɓi ya shigo. Da farko da yamma kawai, ta ce a kashe fanka, a rufe ta da zane biyu. Babba ya ce sauro ne, ya ba ta maganin zazzaɓin sauro. Abinci ya fita ranta. Ran nan na taɓa goshinta na ji kamar gindin tukunya, na nufi kicin neman ruwan sanyi in jiƙa tsumma. Na buɗe firji, na ture gorar ruwa, sai ga kwalin allura a can ƙurya. Na buɗe. Kwalabe a jere reras kamar yadda Auta ya bar su, ko murfin ɗaya ba a fasa ba.

Matar Babba tana yanka albasa a bayana. Na juyo da kwalin a hannu.

"'Yar nan, mene ne wannan?"

Ta sunkuyar da kai. "Inna, ni ban san komai ba."

"Nas ɗin tana zuwa?"

"Sau ɗaya ta zo, ya sallame ta." Ta goge ido da bayan hannu, ban sani ba ko albasar ce. "Ya ce in Umma ta warke zai tara kowa a falo, ya fito da kwalin nan a gaban Auta, kowa ya ga ba a taɓa ba. Inna, shi ya karanta abin nan fa, ni me na sani? Kuma kin san halinsa in aka taɓa aikinsa."

Na shiga wurin Yaya da kwalin. Na zaci za ta firgita. Kallon kwalin kawai ta yi ta kau da kai bango.

"Ashe kin sani," na ce.

"Jikina ne. Ai na san ba a huda ni ba."

"Kuma kike sa wa Auta albarka a waya?"

"To me zan ce? In ce masa wansa ya kori nas? Ke, kada ki haɗa mini 'ya'ya faɗa ina raye." Ta ja numfashi da baki. "Na yi wa yaron nan dariya a gaban ƙaninsa. Ki bar shi ya sami wannan ɗin. Ai ciwon ya bushe."

"Yaya, ƙafarki ce fa, ba kyautar ban-haƙuri ba."

Nan take na kira Auta. Sai da wayar ta katse ta sake katsewa kafin ya ɗauka, ana ta hayaniya a bayansa. Ina cikin bayani Babba ya shigo daga aiki, ya tsaya a bakin ƙofa ya ji kome, ya zo ya zare wayar daga hannuna kamar ta yaro.

"Auta, rabu da Inna. Ƙarin da na sayo ne ta gani, na ajiya. Ba ka ga hoton safe ba?"

"Na gani, ya bushe sarai," in ji Auta. "Inna, don Allah ki kwantar da hankalinki, marasa lafiya na jirana. Ku tsofaffi da kun ga zazzaɓi shi ke nan."

"Ka zo ka duba uwarka da idonka!" na ɗaga murya.

"Ƙarshen wata in sha Allah." Ya kashe.

Babba ya miƙo mini wayata. "Inna, kina wahalar da kanki da zirga-zirga. Ki huta kwana biyu. Mara lafiya ba ta son hayaniya."

Washegari na iske ƙofar gida a kulle. Na buga har hannuna ya yi zafi, matar ta amsa daga ciki cewa ya tafi da mukulli. Na zagaya ta lungu, inda tagar ɗakin Yaya take, na taka wani bulo na leƙa ta ragar sauro. Nan ya zama wurin zamana. Na kira Auta ya fi a ƙirga, wani lokaci ya ɗauka ya ce yana tiyata, wani lokaci ya turo mini hoton da wansa ya aika masa, baƙin ciwo a bushe da rula a gefe. Hoto ba ya wari. Ni kuwa ta tagar nan warin ke fitowa, ya danne na bagaruwa, har ƙudaje suka gane hanya.

Yaya ta daina tashi banɗaki. Ƙafar ta kumbura har ƙwauri, fatar tana sheƙi. Na tare Babba a bakin mota na ce ka ga kumburin nan kuwa? Ya ce jiki ne ke yaƙi, alama ce mai kyau. Na ce zazzaɓin fa? Ya ce ya ƙara wa maganin ƙarfi, yanzu ninki biyu yake shafawa. Na ce ka ji tsoron Allah ka yi mata allurar nan, ko ka haɗa da naka. Sai ya juyo, idanunsa jajir don rashin barci, don gaskiya ba ya barci, a ƙasan gadonta yake kwana.

"In na haɗa, wa za a ce ya warkar da ita? Ke kanki wa za ki ce?"

Ban taɓa jin mutum ya fito da cikinsa fili haka ba. Ya shiga mota. Kafin ya ja ya sauke gilashi ya ce, "Da Auta ne ya kawo ruwan bagaruwa a kwalba mai rubutun Turanci, da har ke kin sha."

Ran da Yaya ta kalle ni ta taga ta kira ni da sunan mahaifiyarmu da ta rasu tun muna 'yan mata, na zauna a kan bulon nan na yi kuka mai sauti. Matar Babba ta ji. Can sai ga ta ta zagayo lungun, mayafi a karkace, da mukullin ƙofar baya a hannu.

"Inna, ya tafi aiki. Ki zo. In ya sake ni ya sake ni."

Na kwance bandejin da almakashina na ɗinki. Saman ciwon yana nan baƙi, a bushe, kyakkyawa kamar a hoto. Na ɗora yatsa na danna kaɗan. Sai ya lotsa, ruwa mai ɗoyi ya ɓullo ta can gefen idon sawu, inda babu wanda ya taɓa ɗora rula. Matar ta fita a guje tana toshe baki. Ni na tsayar da motar haya, direban da wani mai shago suka cicciɓi Yaya a cikin bargo.

Likitar da ta karɓe mu mace ce mai furfura, ba ta da yawan magana. Ta duba, aka ɗauki hoton ƙashi, ta fito ta tambayi 'ya'yanta. Babba ya iso cikin farar rigar aikinsa. Auta, da ba ya samun sarari sai ƙarshen wata, ya iso kafin la'asar.

A barandar asibitin suka haɗu, gaban masu jinya da masu sayar da ruwa.

"Ka so ka kashe mini uwa!" in ji Auta.

"Maka? Kai kaɗai ta haifa?" Babba ya matso har ƙirjinsu ya kusa haɗuwa. "Wa ke wanke ƙafar? Wa ke kwashe fo? Kai da ka yi mata magani ta waya?"

"Ni aƙalla na san bambancin mutum da faranti."

"Shi ya sa ka kalli hoto ka ce ta warke?"

Suka yi ta yi. Aka tono wanda aka saya wa keke, da wanda aka je bikin gama karatunsa da wanda ba a je ba. Na tsaya ina kallonsu, manyan maza masu gemu, babu wanda ya tambayi ko uwar ta farfaɗo. Waɗannan ne nake kwana ina juyi don ba ni da irinsu.

Likitar ta bar su suka gaji, sannan ta ce, "Cutar ta ci ƙashi, ta fara shiga jini. Za mu yanke daga ƙasan gwiwa, yau. Da an yi allurar nan tun farko, da wataƙila wanki da ɗinki kawai za mu yi."

Babba ya ciro waya. "Likita, ki duba wannan. Daga ƙafarta na ɗebo su. Ya kashe su, ga zoben."

Ta karɓa ta duba da gaske, ba ta yi dariya ba. "Aiki ne mai kyau. Muna neman sabon magani ido rufe, kuma da yawa daga cikin waɗanda muke da su daga tsiro suka fito. Ka ci gaba, wataƙila wata rana a sami wani abu. Amma kai ka fi ni sanin matakan da ke tsakanin faranti da jikin mutum, kuma ba ka taka ko ɗaya ba. Abin naka ya jeme fatar sama, ya yi wa ciwon murfi, cutar ta sami ɗaki ta yi ƙasa." Ta mayar masa da wayar. "Wa zai sa hannu?"

Babba ya ce shi ne babba. Auta ya ce shi ne likita. Suka sake sabon lale. Ni na shiga na tallafo kan Yaya, ta ɗan dawo hayyacinta, likitar ta yi mata bayani a hankali, ta dangwala yatsanta da kanta.

Ana shirin tura ta ɗakin tiyata na ji Babba ya bi likitar yana rage murya. Wai in an yanke, a ɗebo masa ɗan abin da ke cikin ƙashin a kwalba, yana so ya tabbatar da wani abu. Likitar ta kalle shi ta wuce. Yadda ya yi ya samu, shi ya sani.

Da aka sallami Yaya, kowannensu ya zo da mota. Auta ya ce gidansa ya fi kusa da babban asibiti. Babba ya ce ɗakinta na nan an yi masa fenti. Yaya ta dube su ta ce a kira mata motar haya, gidan ƙanwarta za ta. Ɗakina ɗaya ne a bayan shago, da katifa da keke da tarin yadi, nan na shimfiɗe ta. Na ɗinka mata ƙananan jakunkuna masu laushi na sa wa dungun ƙafar, don bandeji yana goge mata fata. Tana zaune tana cire mini zare, in masu kawo ɗinki suka tambayi 'ya'yanta sai ta ce, "Suna nan lafiya," ta ci gaba da aikinta. Ban sake jin ta ce Likita ba, ban kuma sake jin ta ce mai dafa ganye ba. Sukan zo, amma kowa sai ya kira ni ya tambaya ko ɗayan na nan, don kada su haɗu.

Wata rana da hantsi Babba ya shigo shagon. Ya rame, rigarsa ta yi masa yawa. Ya durƙusa ya gaida ta, ya ajiye ledar magani, ya yi ta juya waya a hannu. Na zaci gafara ya zo nema, har na rage gudun keke don in ji.

"Umma, na sake gwadawa," ya ce. "Da waɗanda aka ciro daga cikin ƙashin. Ki duba. Har su ma yana kashewa. Ba maganin ne bai yi ba, hanyar da zai isa ciki ce ban samu ba. Ina so ki sani ba ƙarya na yi ba."

Yaya ta sa tabarau ta karɓi wayar. Ta daɗe tana kallon farantin nan da zobensa mai haske.

"Madalla," ta ce. "Farantin ya warke ke nan."

Ta sunkuya ta laluba ƙarƙashin kujera, inda na tura silifanta tun ranar da muka dawo. Ta bar na dama a ƙasa, ta ɗauko na hagu, har yanzu da ɗan tabon jinin ƙusa a ciki. Ta kaɗe ƙurar a jikin zaninta, ta ɗora masa a kan wayar.

"Ungo, ka kai wa farantin. Ni ba ni da inda zan sa."

Ya tsaya da silifa a hannu yana kallonta, ita kuwa ta ɗauki rigar da take cire wa zare. Na taka kekena na ci gaba da ɗinki.